Launi Nawa Ne a Kwanon Ɗanki? Jagorar Koya wa Yara Cin Abinci Mai Gina Jiki

A gidajenmu da yawa, abin da yaro ɗan shekara uku ke ci daga safe zuwa dare bai wuce koko da burodi ba, sai shinkafa ko taliya da rana, sai tuwo da ɗan shafin miya da daddare. Ciki ya cika, yaro bai yi kuka ba, hankalin uwa ya kwanta. Amma in aka jera kwanukan nan uku aka duba, launinsu ɗaya ne: fari, ko abin da ya yi kusa da fari. Ba mai raina gero da dawa, su ne ƙarfin gida. Sai dai hatsi shi kaɗai ba ya ƙara jini yadda ake so, ba ya kare ido, ba ya taimaka wa yaro ya jure ƙyanda da gudawa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi, sannan yara 68 cikin kowane ɗari na fama da ƙarancin jini. Talauci na da babban hannu a ciki. Duk da haka akwai gidajen da zogale ke tsaye a tsakar gida, kabewa na kan danga, amma ba sa isa kwanon ƙaramin yaro.

Uwa ba ta da sikeli a ɗakin girki, ba kuma za ta zauna lissafin bitamin kowace safiya ba. Abin da take da shi ido ne, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Shi ma yaron da bai fara karatu ba ya san ja, ya san kore. Da wannan ɗan ilimi da ku biyu kuka yi tarayya a kansa za a iya fara gyara.

Mataki na farko: ki san abin da kowane launi ke ɗauke da shi

Kore shi ne mafi arha, shi ne kuma aka fi wulaƙantawa. Zogale, alayyahu, rama, yakuwa, tafasa, lalo, ɗanyen ganyen wake da kuka duk suna ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, da ayon mai ƙara jini, da kalsiyam na ƙashi da haƙori. Gwargwadon duhun koren, gwargwadon amfaninsa. Saboda haka alayyahun naira kaɗan ya fi kabeji da latas ɗin da ake yi wa kallon abincin 'yan gayu.

Launin ruwan lemo da launin ruwan ɗorawa su ne gidan bitamin A: kabewa, karas, nunanniyar gwanda, mangwaro, manja, gwaiduwar ƙwai, da dankalin Hausa mai jan ciki. Rashin wannan bitamin ne ke jawo dundumi, inda yaro ke laluben hanya da zarar magariba ta yi, kuma yana sa ciwo ya fi kayar da shi. Dankalin nan mai jan ciki ya cancanci a neme shi, domin ɗan madaidaici guda ɗaya ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini, ga shi da zaƙin da yara ba sa ƙi. A nan ki lura da abu ɗaya: launin ciki ake dubawa, ba na ɓawo ba. Ayaba ɗorawa ce a waje, fara a ciki. Tana da nata amfanin, amma ba ta maye gurbin gwanda.

Ja ya kasu biyu. Akwai na lambu: tumatir, tattasai, kankana, gwaiba mai jan ciki. Tattasai da gwaiba musamman cike suke da bitamin C, haka ma lemon zaƙi, lemon tsami da garin 'ya'yan kuka, ko da yake su ba ja ba ne. Aikin bitamin C da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yana taimaka wa hanji ya tsotsi ayon da ke cikin wake da ganye. Don haka yaron da ya ci wake ya bi da gwaiba ya fi wanda ya bi da shayi cin riba, tun da shayi rage tsotsar ayon yake yi. Ja na biyu shi ne nama da hanta, waɗanda ayon ɗinsu ya fi na kowane ganye saurin shiga jini. 'Yar tsokar hanta sau ɗaya a mako ta wadatar.

Masu duhu irin su ɗinya, jar albasa irin ta Galmi da zoɓo, a haɗa da su in an samu.

Fari da ruwan ƙasa kuwa, kada ki yi musu kuɗin goro. Nono, kindirmo, awara, wake, kifi, ƙwai, gyaɗa da riɗi ba su da launi mai ɗaukar ido, amma su ne masu gina tsoka da tsawo. A nan ne dabarar launi ke da iyaka, kuma gara ki san iyakar tun yanzu: faranti cike da kankana da karas ba tare da wake ko ƙwai ko kifi ba, kyau kawai gare shi. Abin da za ki riƙe shi ne, kowane babban abinci ya ƙunshi hatsi ko dankali, da abu ɗaya mai gina jiki, da launi biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana. Madaidaicin mangwaro ɗaya, karas ɗaya da ludayin dafaffen ganye sun kai haka ko sun yi kusa.

Mataki na biyu: ki ba shi kwanonsa

Cin abinci a kwano ɗaya tarbiyya ce mai kyau, tana koyar da haƙuri da zumunci. Amma ɗan shekara biyu da ya sa hannu tare da yayyensa 'yan bakwai da goma, kafin ya kai loma ta uku an share miya, an bar masa gaya. Ki zauna da shi cikin 'yan'uwansa, amma nasa a ƙaramin kwano daban. Ta haka ne kawai za ki san me ya ci, me ya bari. Kada ki cakuɗa komai ya zama launi ɗaya: tuwo a gefe, ganye a gefe, yankan gwanda a gefe, yadda idonsa zai rarrabe su.

Mataki na uku: ki mayar da launi wasa

Ba a yi wa ɗan shekara uku lacca. Kalmar bitamin ba ta da ma'ana a kunnensa, amma "Abba, zo ka nemo mini jan abu a cikin cefanen nan" aiki ne da zai yi da gudu. Ki zube kayan miya a faifai ki ce ya ware ja gefe guda, kore gefe guda. Ki ba shi reshen zogale ya tsinke ganyen, ki ba shi karas ya wanke a roba, ya taya ki tsince wake. Zai ɓata miki lokaci, zai jiƙa riga, amma yaro ya fi son ɗanɗana abin da hannunsa ya taɓa. Idan kina da tsohon buhu ko fasasshen bokiti, ki zuba ƙasa da taki ku yafa irin alayyahu tare, ki ɗora masa aikin ban ruwa. Cikin kamar wata guda za ku tsinka, ranar kuwa ki gaya wa kowa a gidan cewa miyar yau da alayyahun Abba aka yi ta.

Da daddare, lokacin tatsuniya, ga kacici-kacici. Tun asali ma da "ƙulun ƙulufit" ake farawa, amsarsa gauta. Ki ƙirƙiro naki: "Kore ne a waje, ja a ciki, 'ya'yansa baƙaƙe, mene ne?" Daga nan ki kama hannunsa ku ƙirga da yatsu: "Yau launi nawa ka ci?" Babban yatsa kore, manuni ja, haka har biyar. Ranar da aka samu uku, an yi ƙoƙari. Ranar da aka samu ɗaya, ki ce "gobe wanne za mu nemo?" ki bar shi ya zaɓa.

Bayanin amfani ki yi shi a taƙaice kuma da gaskiya. "Kabewa na taimakon ido ya ga hanya da dare." "Wake na sa yaro tsawo." Kada ki ce in ya ci zogale gobe zai fi yayansa ƙarfi, domin gobe za ta yi, zai gwada, zai ga ba haka ba ne.

Mataki na huɗu: sabon abu kaɗan-kaɗan, ba tilas

A nan ne iyaye mata da yawa ke karaya. An ba yaro kabewa, ya tofar. An sake ba shi, ya kawar da kai. Sai a yanke hukunci: "Shi ba ya cin kabewa." Alhali tsakanin shekara biyu zuwa shida yawancin yara na ƙyamar abin da ba su saba da shi ba, halitta ce ba taurin kai ba. Masu nazarin cin abincin yara sun gano sau da yawa sai an gabatar da abu sau takwas zuwa goma sha biyar kafin yaro ya karɓe shi. Wadda ta daina a karo na uku, ba ta ma fara ba.

Yadda za ki yi shi ne, cokali ɗaya tak na sabon abin, a gefen abincin da ya riga ya sani yana so. Ki kawo shi lokacin da yake jin yunwa, wato kada a ba shi biskit ko cincin ana saura kaɗan a sauke tukunya. In ya taɓa ya shinshina ya ajiye, ki ƙyale shi, an ci gaba. In ya lasa ya tofar, ki ce "to, wata rana ma gwada", ki ɗauke ba tare da ɓata rai ba. Bayan kwana biyu ko uku ki dawo da shi da wata siffa. Zogalen da ya ƙi a miya, wataƙila ya karɓe shi a kwaɗo da ƙuliƙuli, ko a dambu, ko a yanka ƙanana cikin soyayyen ƙwai. Kabewar da ya ƙi a miyar taushe, a dafa a murje da ɗan man gyaɗa. Karas a goga shi cikin alala ko fate.

Wasu kan niƙe ganyen su ɓoye shi cikin abinci yadda yaro ba zai gani ba. Ba laifi, jiki ya amfana. Amma ɓoyewa ba ta koyar da komai, ranar da ya ga ganyen a fili zai ƙi shi kamar bai taɓa ci ba. A ganina a yi duka biyun: a sa a ciki, a kuma ajiye kaɗan a fili.

Abubuwa uku ne nake roƙo a bari. Na farko ɗure, wato a danne yaro a toshe masa hanci a zuba kunu. Abincin na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya jawo ciwon da kan kai ga rasa rai. Na biyu duka da tsoratarwa da dodo ko allura, domin yaron da ya ci alayyahu yana kuka ya haɗa alayyahu da azaba a ransa. Na uku cin hanci: "In ka cinye ganyen zan saya maka alawa." Abin da ya ji shi ne ganye wahala ce, alawa ce lada. Rabon aikin a fili yake: ke ke zaɓar abin da za a ci da lokacin ci, shi ke sanin inda cikinsa ya tsaya. Sai dai wannan ba ya nufin a yi banza da yaron da ba shi da lafiya ko yake ramewa. Shi lallashi yake buƙata, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, da ƙarin abinci bayan ya warke.

Kuma duk dabarar nan ba ta aiki in manya ba sa ci. Maigidan da ke ture ganye gefe yana cewa abincin awaki ne, ya rushe aikin wata guda da jimla ɗaya. Ki shawo kan yayyensa su ci a gabansa, don ƙarami ya fi kwaikwayon yaya a kan uwa. Ki kuma yi wa kaka da goggo bayani cikin ladabi, musamman in suna cikin masu cewa ƙwai na sa yaro sata. Ƙwai ba ya koyar da sata, kuma da wuya a samu abinci mai gina jikin yaro kamarsa a wannan kuɗin.

Mataki na biyar: kada tukunya ta kashe launin

Ganyen da ya shiga tukunya kore shar ya fito ruwan ƙasa, ya yi asarar wani ɓangare na amfaninsa. Ki wanke ganye kafin ki yanka, ba bayan yanka ba. Ki sa shi a ƙarshen girki, da ɗan ruwa, ki sauke da zarar ya yi laushi. Ruwan da kika dafa zogale, in bai yi ɗaci ba, ya shiga miya maimakon kwata. Kanwa na sa wake da ganye saurin nuna, har tana riƙe koren ganye, amma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, saboda haka a nan ido zai iya ruɗin ki. Ki rage ta, ki jiƙa wake tun dare.

Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka ko cokali ɗaya na man gyaɗa, manja ko man shanu a abincin yaro yana da muhimmanci. Manja kuwa amfaninsa na cikin jansa. In kika bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, kin ƙone abin da ake nema. Kuka da zogalen ajiya a shanya su a inuwa, kuma in za ki sayi garin kuka ki zaɓi mai koren gaske.

Sai yaji. Yara da yawa da ake cewa ba sa son miya, attaruhu suke gudu. Ki ɗebar wa yaro tasa kafin ki zuba yaji, ki kuma sassauta gishiri da dunƙule. Abin da za a ci ɗanye, irin latas, tumatir da gwaiba, a wanke shi sosai da ruwa mai tsafta, don wasu lambuna da ruwan kwata ake yi musu ban ruwa. Hannu ma a wanke da sabulu, naki da nasa.

Mataki na shida: ki raba masa launin gona da kalar kanti

Da zarar yaro ya gane kina son launi, zai kawo miki jar alawa da lemon kwalba mai ruwan lemo ya ce ga ja ga ɗorawa. Yana da hujja, don haka ki shirya amsa. Tambaya ɗaya ta isa: "Wannan a gona ya fito, ko injin ne ya yi shi?" Na gona ne kawai ake ƙirgawa da yatsu. Alawa, askirim na leda da lemon kwali sukari ne da kala, suna cika ciki su kashe sha'awar abinci su ɓata haƙori. Ɗan ƙasa da shekara biyu kada a ba shi su sam. Wanda ya fara makaranta ko Islamiyya, maimakon kuɗin tara kullum, a sa masa dafaffen dankali, ƙwai, awara, ayaba ko dabino. Zoɓon gida ma in aka cika masa sukari ya koma sahun na kanti. Ki rage sukarin ki sa abarba.

Mataki na bakwai: ku bi lokaci, aljihu zai huta

Wannan na maigida ne, tun da cefane a hannunsa yake. Ba sai da tufa da inabi na kanti ba. Da hunturu kayan noman rani irin na Kadawa ta jihar Kano ke cika kasuwa, tumatir, karas, kabeji da tattasai su yi araha a 'Yankaba ta Kano da sauran kasuwanni. Da bazara mangwaro ke zuba har yana ruɓewa a 'Yan Lemo, kasuwar kayan marmari ta Kano. Da damina tafasa, rama, yakuwa da zogale kusan kyauta ne a karkara. Da kaka ga kabewa, wake, gyaɗa da dankali, kabewa kuma tana watanni a ɗaki ba ta lalace ba. Wanda ya sayi abin da ke yayi, ya shanya na shanyawa, ba zai rasa launi biyu a kowane wata ba. Tsarabar dawowa gida ma ta zama gwaiba ko yankan kankana. Kuma in nama ya yi kaɗan a tukunya, ƙaramin cikin gida ya fi kowa buƙatarsa.

In yaron bai kai shekara biyu ba

Wata shida na farko nonon uwa zalla. Daga nan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Kunun ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba, a riƙa canza masa launi: yau da murjajjiyar kabewa, gobe da garin zogale, jibi da gwaiduwar ƙwai ko niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu zuwa uku a rana, daga wata 9 sau uku zuwa huɗu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF shi ne ya samu aƙalla biyar cikin rukunin abinci takwas a kullum: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da dangin gyaɗa, madara da nono, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A, sai sauran ganye da 'ya'yan itatuwa.

Ba a ba jariri zuma kafin ya cika shekara ɗaya, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba. Gyaɗa guda-guda, aya, gutsuren ɗanyen karas, da masu ƙwallo irin ɗinya, magarya da dabino na iya shaƙe ƙaramin yaro har wajen shekara huɗu. A niƙa, a goga, a cire ƙwallo, kuma ya ci a zaune kina kallo. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar.

Launin da za ki duba a jikin yaron

Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannunsa. In sun yi fari fat, alamar ƙarancin jini ce, a je a auna. Gashin da ya yi ja ya yi laushi yana kakkaɓewa, da ramar da ba ta tsaya ba, alamun tamowa ne, kuma zogale kaɗai ba zai magance su ba.

Daga wata 6 zuwa shekara biyar ana ɗiga wa yara bitamin A duk bayan wata shida, kyauta, a asibitin sha-ka-tafi ko lokacin makon lafiyar mata da yara: shuɗin ƙwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga waɗanda suka cika shekara. Ki je da katinsa a rubuta. A can ne kuma ake zagaya ɗan tef a damtsen yaro. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. Ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, ya fara ramewa, yana buƙatar ƙarin abinci da bibiya. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. In tef ya nuna ja, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura yadda in kin danna da yatsa wurin ke loɓawa, a kai shi cibiyar kula da tamowa a ranar. Abincin gyaɗa na leda da za a ba ku a can magani ne na wannan yaron shi kaɗai, ba a raba shi da 'yan'uwansa, ba a sayar da shi, kuma a ci gaba da komawa awo har ma'aikatan lafiya su sallame shi.